Me Ya Sa Ake Shan Wani Maganin Ciwon Daji Kafin Abinci, Wani Kuma Bayan Abinci?

Tambaya

Assalamu alaikum. Ina rubutowa ne daga Sakkwato a kan mahaifina, wanda aka gano yana da ciwon dajin furostet, wato 'yar tsokar da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, aka ɗora shi a kan wani magani mai suna abiraterone, ƙwaya huɗu kowace rana, tare da gargaɗin kada ya sha shi da abinci. Tsoho ne, jikinsa ya yi rauni, kuma mahaifiyarmu ta ce tunda take ba ta taɓa jin an ba mara lafiya magani mai ƙarfi ciki babu komai ba, don haka tana son a riƙa ba shi da fura ko kunu. Abin da ya ƙara ruɗa mu shi ne gwaggona mai ciwon dajin mama, wadda aka ba capecitabine aka ce sai ta ci abinci tukuna. Wani kuma ya ce mana idan Baba ya sha ƙwaya ɗaya da abinci daidai take da huɗu, mu huta da tsadar. Shin gaskiya ne? Za mu iya daka masa ƙwayar idan haɗiya ta yi masa wuya? Yakan kuma sha jiƙon kanwa idan ƙwannafi ya dame shi.

Amsa

Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya ba Baba da gwaggo lafiya, ya ba ku ladan jinya. Zan fara da hukuncin kafin dalilinsa: kada a ba Baba abiraterone da fura ko kunu ko shayi, kada a daka ƙwayar, kuma kada a rage ta daga huɗu zuwa ɗaya sai idan likitan da ke duba shi ne ya tsara hakan da bakinsa. Umarnin da aka ba gwaggo daidai ne, wanda aka ba Baba ma daidai ne, babu saɓani a tsakaninsu. A irin waɗannan magunguna, maganar a sha da abinci ko ciki babu komai tana cikin awon maganin kansa, matsayinta ɗaya da adadin miligiram da aka rubuta a takarda, kuma wanda ya sauya ta ya sauya yawan maganin da ke shiga jinin mara lafiya ko da bai taɓa adadin ƙwayoyin ba. Zan rubuta sunayen magungunan yadda suke a jikin kwali domin ka gane su idan ka gani.

Maganin da ake ɗaurawa ta jijiya a asibiti, duk abin da ke cikin ledar yana shiga jini ne kai tsaye. Ƙwaya kuwa tana da doguwar tafiya a gabanta. Sai ta fara farfashewa a ciki, sinadarin da ke cikinta ya narke a ruwan ciki da na hanji, domin bangon hanji ba ya tsotsar abin da bai narke ba. Sannan ya ratsa bangon ƙaramin hanji, inda ake tsotse mafi yawan magunguna. Daga nan jini ya kwashe shi zuwa hanta tukuna, ita kuma ta lalata wani kaso kafin ta saki ragowar ya zagaya jiki. Abin da ya tsira daga waɗannan matakai shi kaɗai ne yake isa wurin ciwon. Wani magani ba ya asarar komai a hanya: imatinib, wanda ake ba masu wani nau'in ciwon dajin jini tun 2001, kusan kashi 98 cikin 100 nasa yana shiga jini. Abiraterone kuwa ba ya son ruwa ko kaɗan, maiƙo yake so, kuma an ƙiyasta cewa abin da ke shiga jini idan an sha shi ciki babu komai bai wuce kashi 10 cikin 100 ba, sauran bayan gida yake bi. Masu haɗa maganin sun san da wannan asara tun farko, shi ya sa suka sa awonsa ya zama miligiram 1000 a rana, wato ƙwayoyin nan huɗu masu miligiram 250 kowace.

Da zarar abinci mai maiƙo ya sauka hanji, matsarmama takan tsiyayo ruwanta mai ɗaci, wanda aikinsa shi ne sa maiƙo ya gauraya da ruwa, kamar yadda sabulu ke yi wa kwanon da aka ci miya mai man shanu. Maganin da ke son maiƙo sai ya bi wannan hanya ya narke fiye da yadda aka saba, ga shi kuma abinci yana jinkirta fitar abin da ke ciki zuwa hanji, wanda ke ƙara masa lokacin narkewa. An auna wannan a kan abiraterone, kuma alƙaluman suna cikin takardar bayanin maganin. Da abinci mara maiƙo sosai, mai kalori 300 (kalori shi ne awon ƙarfin da abinci ke ba jiki), jimillar maganin da ya shiga jini ta ninka kusan sau 5. Da abinci mai maiƙo, mai kalori 825 wanda fiye da rabinsa daga kitse ne, ta ninka kusan sau 10, ƙololuwarsa a jini kuma ta kai ninki 17. Ka ga ke nan ƙwaya huɗu da aka kora da fura mai kauri ba ƙwaya huɗu ba ce a wurin jiki.

Mai hankali zai tambaya, in haka ne me ya hana a ce kowa ya sha da abinci, tunda ya fi shiga jiki? Abin da ya hana shi ne abinci ba shi da awo guda. Dubi furar gidanku kawai. Yau an dama ta da kindirmo mai maiƙonsa, gobe da tsala wadda aka riga aka kaɗe aka cire manta, jibi kuma Baba bai ji daɗin jikinsa ba ya kurɓi ludayi biyu ya ture ƙwaryar. Wata safiyar koko ne zalla, wata safiyar koko da ƙosan da ya sha mai, wata kuma shayi mai madara da wainar ƙwai. Idan aka haɗa maganin da waɗannan, yawansa a jini zai riƙa hawa da sauka gwargwadon abin da aka dafa, ba gwargwadon abin da likita ya rubuta ba. Cikin da babu komai kuwa kusan halinsa ɗaya kowace safiya, kuma a kan wannan hali aka yi manyan gwaje-gwajen da suka sa aka amince da maganin a 2011, saboda haka abin da aka fi sani game da amfaninsa da illarsa an san shi ne a kan mutanen da suka sha shi haka. Illolin da ake tsaro a abiraterone su ne hawan jini, kumburin ƙafa saboda taruwar ruwa, raguwar sinadarin fotasiyam a jini wadda ke iya kawo kasala da rikicewar bugun zuciya, da kuma wahalar da hanta. Tsoho mai raunin jiki shi ne ya fi kowa rashin juriyar a ninka masa magani ba da sani ba.

Ƙa'idar ita ce a sha shi bayan awa biyu da cin abinci na ƙarshe, kuma kada a ci komai sai awa ɗaya ta wuce. Tsarin da na fi ba mutanenmu shawara a kai shi ne a ajiye kwalbar da kofin ruwa, Baba ya haɗiye ƙwayoyin gaba ɗaya da zarar ya idar da sallar asuba, ya zauna ya yi lazimi ko ya koma ya kishingiɗa, kafin a gama dama koko awa ɗaya ta cika. Ruwa zalla kaɗai ake korawa da shi. Kunu, shayi mai madara, nono, dabino, duk abinci ne a wannan lissafi, ko da mu a al'ada ba mu ɗauke su cin abinci ba, kuma a nan ne iyalai da yawa suke kuskure da kyakkyawar niyya. Shan sa da dare ya fi wuyar kiyayewa a gidan da ake shan fura bayan tuwo. Damuwar Mama kuma tana da tushe, domin akwai magungunan da ke cin ciki idan babu abinci, kuma ɗaya daga cikinsu yana hannunku: prednisolone, ƙaramar ƙwayar da ake haɗa wa mai shan abiraterone domin rage masa hawan jinin nan da raguwar fotasiyam. Ita a ba shi da karin kumallo, kuma kada a tsayar da ita rana tsaka ba tare da izinin likita ba.

Maganin gwaggo labarinsa daban. Capecitabine yana narkewa a ruwa ba wahala, kuma shi kansa ba ya aiki sai jiki ya sarrafa shi mataki uku, a hanta da cikin tsokar ciwon, ya koma maganin da ake kira 5-FU. Abinci yana sassauta shigarsa jini, ya hana shi hawa da ƙarfi lokaci guda, kuma a kan haka aka gwada shi aka tsayar da awonsa: cikin minti 30 bayan cin abinci, safe da yamma, yawanci kwana 14 a jere sannan hutun kwana 7. Idan ta fara gudawa mai yawa, ko bakinta ya yi gyambo, ko tafin hannu da na ƙafa suka yi ja suna zafi, ta dakata ta nemi likitanta a ranar. Idan kuma tana shan warfarin, maganin hana daskarewar jini, lallai likita ya sani, domin haɗuwarsu tana iya jawo zubar jini.

Sauran magungunan ma kowane da halinsa, shi ya sa umarnin wani ba ya yi wa wani amfani ko da a ɗaki ɗaya suke jinya. Nilotinib na kafso abinci mai maiƙo yana ƙara shi da kashi 82 cikin 100, kuma yawansa yana iya rikita bugun zuciya har ya kai ga mutuwar fuju'a, don haka ƙa'idar yunwa a kansa ba ta da sassauci. Lapatinib na ciwon dajin mama yana ninkawa sau 3 zuwa 4, pazopanib kusan sau 2, erlotinib yana tashi daga kusan kashi 60 zuwa kusan 100. Sorafenib na ciwon dajin hanta kuwa akasin haka yake yi, abinci mai maiƙo yana rage shi da kashi 29, shi ma dai ciki babu komai ake shan sa amma da wani dalili na dabam. Imatinib da abinci da babban kofin ruwa ake shan sa domin kada ya tayar da zuciya. Tamoxifen, letrozole da bicalutamide ba ruwansu da abinci, lokaci guda kawai suke buƙata kowace rana.

Maganar ƙwaya ɗaya da abinci ba ƙirƙira ba ce, kuma ban ga laifin wanda tsadar magani ta sa ya saurare ta ba, domin na san abin da sayen wannan magani wata bayan wata yake yi wa aljihun iyali. Masu bincike ƙarƙashin jagorancin Jami'ar Chicago a Amurka sun raba maza 72 gida biyu, wasu suna shan miligiram 1000 ciki babu komai, wasu miligiram 250 tare da karin kumallo mara maiƙo sosai, kuma sakamakon da aka buga a 2018 ya nuna cewa bayan mako 12 saukar awon PSA, wato gwajin jinin da ake bibiyar wannan ciwo da shi, ba ta gaza ba a wurin masu ƙwaya ɗaya. Daga baya ƙungiyar manyan cibiyoyin ciwon daji ta Amurka, NCCN, ta ambaci wannan hanya a matsayin zaɓi ga wanda kuɗi ya gagara. Sai dai bincike ne ƙarami, kuma awon jini ya fi dubawa, ba tsawon rai ba. Sannan sharaɗinsa karin kumallo ne mai ƙarancin maiƙo, iri ɗaya kowace rana, tare da bibiyar PSA da hanta da hawan jini. Ra'ayina shi ne, idan zaɓin da ke gabanku ya zama ko dai a sha wata guda a tsallake wata guda saboda rashin kuɗi, ko a bi wannan hanya, to wannan hanya ta fi tsallakewa nesa ba kusa ba, kuma ya kamata ka buɗe baki ka gaya wa likitan halin da kuke ciki ba tare da jin nauyi ba. Amma shi ne zai yanke, shi zai faɗi irin abincin, ya kuma sa ranar gwaji. Haɗarin da nake jin tsoro shi ne a ji rabin maganar a gida, a ci gaba da ba da ƙwaya huɗu kuma a haɗa da abinci, ko a ba da ɗaya ciki babu komai, wanda ke nufin kashi ɗaya cikin huɗu na maganin.

Batun daka ƙwaya ya kai mu ga yadda ake haɗa magani. Ƙwaya ba garin magani ba ne da aka dunƙule kawai. Girman ƙwayoyin garin, abubuwan da aka cakuɗa shi da su, ƙarfin matsawar da aka yi masa da rufin da ke bayansa, duk an tsara su ne domin ya narke da wani sauri na musamman. Da aka gwada daka pazopanib, jimillar abin da ya shiga jini ta ƙaru da kashi 46, ƙololuwarsa ta kusa ninkawa biyu, alhali magani ne mai iya cutar da hanta. Akwai kuma lafiyar mai dakan: ƙurar capecitabine guba ce ga mai lafiya idan ya shaƙa ko ta taɓa fatarsa, abiraterone kuma yana iya cutar da ɗan tayi, har ma an hana mace mai ciki taɓa ƙwayar da ba ta da rufi sai da safar hannu. Idan haɗiya tana ba Baba wuya, ya fara jiƙa maƙogwaro da ruwa, ya zauna a miƙe, ya haɗiye su ɗaya bayan ɗaya. Idan abin ya ci gaba a gaya wa likita, domin wuyar haɗiya ita kanta abin dubawa ce. Akwai magungunan da aka yarda a narkar a ruwa, imatinib yana cikinsu, amma wannan izini ne na kowane magani shi kaɗai.

Tasirin haɗi ya fi fitowa fili idan aka dubi magani guda da aka yi wa siga biyu. A 2018 an amince da wani abiraterone mai suna Yonsa, wanda aka niƙe garinsa ya yi laushi ƙwarai domin ya fi saurin narkewa, awonsa miligiram 500 ne kawai kuma ana shan sa da abinci ko babu. Olaparib da farko kafso ne, mara lafiya na haɗiye guda 16 a rana, miligiram 400 sau biyu. Da aka sake haɗa shi a matsayin ƙwaya sai ya koma guda 4 a rana, miligiram 300 sau biyu, kuma an hana musanya ɗaya da ɗaya bisa lissafin miligiram. Abin da wannan ke nufi gare ka a aikace shi ne, duk lokacin da ka sayo sabuwar kwalba, musamman idan kamfanin ya sauya ko an aiko muku da ita daga wani gari, ka karanta lambar da ke jiki kafin a buɗe. Abiraterone na yau da kullum yana zuwa a miligiram 250 da kuma 500, kuma wanda ya saba da ƙirga huɗu zai iya ba da miligiram 2000 ba tare da ya lura ba idan aka kawo masa mai 500, wanda biyu ake sha. Ka duba lambar rajistar NAFDAC da ranar lalacewa, ka kuma saya a kantin magani mai rajista inda akwai masanin harhaɗa magunguna da za ka iya yi wa tambaya.

Jiƙon kanwa ina roƙon a daina ba shi. Kanwa tana da gishirin sodiyam mai yawa, shi kuwa sodiyam yana ƙara hawan jini da taruwar ruwa, waɗanda su ne ainihin abin da ake fama da shi a abiraterone. Ɗan abin da ake jefawa a miyar kuɓewa ba shi nake nufi ba, wanda ake jiƙawa a kofi a sha a matsayin magani nake nufi. Ga masu shan wasu magungunan kuma akwai dalili na biyu: kanwa tana kashe tsamin ciki, alhali dasatinib, erlotinib, gefitinib da pazopanib sai cikin ruwa mai tsami suke narkewa da kyau. Omeprazole, maganin olsar da ake saye a kowane kemis ba tare da takarda ba, yana rage erlotinib da kashi 46, dasatinib da kashi 43, kuma tunda aikinsa yana kai yini guda, raba lokacin shansu ba ya warware matsalar. Maganin ƙwannafi na ruwa ko na taunawa shi ne ake iya raba shi da irin su dasatinib da awa biyu kafin ko bayan, kuma a wannan sahu nake sa jiƙon kanwa. Ƙwannafin Baba kuma yana iya kasancewa daga prednisolone ne, don haka a faɗa wa likita ya zaɓa masa abin da ya dace.

Akwai kuma abubuwan da ke taɓa aikin hanta da bangon hanji. Rifampicin, ɗaya daga cikin magungunan tarin tibi, yana sa hanta ta riƙa lalata magunguna da sauri, har yana rage abiraterone da kashi 55. Carbamazepine da phenytoin na farfaɗiya su ma haka suke yi. Garehul, babban lemun nan mai ɗaci-ɗaci, akasin haka yake yi, yana toshe sinadarin da ke lalata magani a bangon hanji, sai irin su nilotinib da lapatinib su yi yawa a jini. Sassaƙe da jiƙe-jiƙen da 'yan'uwa ke kawowa idan sun zo dubiya ta wannan hanta ɗin dai za su bi, kuma idan gwajin hanta ya lalace likita ba zai iya bambance mai laifin ba, ƙarshenta ya tsayar da maganin da ke aiki. Ranar zuwa asibiti, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ne ko wani, ka zuba duk abin da Baba ke sha a jaka ka tafi da shi, har da na gargajiya, ka baje a gaban likita.

Zafin Sakkwato daga Maris zuwa Mayu yana wuce digiri 40, alhali yawancin waɗannan ƙwayoyi an so a ajiye su ƙasa da digiri 30. A bar su cikin kwalbarsu a rufe, a ɗaki mafi sanyi a gidan, ba a mota ko kan taga ba, kada a juye su a leda, kuma kada a sa a firji sai wanda aka rubuta haka a jikinsa. Idan an manta shan abiraterone rana ɗaya, a sha na gobe yadda aka saba ba tare da ninkawa ba; idan ya wuce rana ɗaya a sanar da likita.

Idan watan azumi ya zo, Alƙur'ani ya ba mara lafiya rangwame a Suratul Baƙara, aya ta 184 da 185, kuma ga tsoho mai rauni a lokacin zafi ina ganin karɓar rangwamen ya fi, bayan an ji ta bakin likita da malami. Idan sun yarda ya yi azumin, hanya mafi sauƙi ita ce ya tashi awa ɗaya kafin sahur ya sha abiraterone da ruwa, matuƙar awa biyu ta wuce da abin da ya ci na ƙarshe, sannan ya sha prednisolone tare da abincin sahur ɗin. Ita gwaggo, a kwanaki 14 da take kan capecitabine, haɗarin gudawa da bushewar jiki ya sa bai kamata ta ɗauki azumi ba sai likitanta ya duba ta ya amince.